Kazar da Ta Riga Ni Warkewa

A gidanmu ba a kai karaya asibiti. Zazzaɓi, haihuwa, ciwon ido, duk waɗannan a tafi wurin likita, babu mai hana ka. Amma ƙashi namu ne. Kakanmu maɗori ne, mahaifinmu maɗori ne, da ya rasu kuma yayana ya zauna a kan buzunsa a zauren gidanmu, a wani ɗan ƙauye da ke gefen Sule Tankarkar. Tun ina ƙarama na saba ganin amalanke ko babur ya tsaya a ƙofar gida, a sauko da mutum yana salati: wanda raƙumi ya shure a kasuwar Maigatari, ko ɗan dako da ya faɗo daga saman lodi, ko tsohuwa da santsi ya kwashe a bakin rijiya. Har daga Damagaram ake tsallako iyaka a zo. Bayan wani lokaci sai ka ga mutumin ya dawo da ƙafarsa, yana jaye da ɗan akuya na godiya.

Akwai wata al'ada da muka gada, ban sani ba ko sauran maɗora suna yin ta. Duk wanda aka kawo da karaya sai a kamo kaza, mace ga mace, zakara ga namiji. In ƙafa ce ta karye a karya ƙafar kazar, in hannu ne a karya fiffike, a ɗora su rana ɗaya, da man shanu ɗaya, da tofi ɗaya. Ranar da kazar ta taka ƙafarta, ko ta buɗe fiffike ta hau danga, daga ranar ake sa ran kwance ɗorin mutum. Kuma ba a yanka ta sai mai karayar ya warke sarai, sannan a yi masa farfesu da ita. Limamin garinmu ya sha yi wa Yaya magana a kan hakkin dabba, ni ma da na yi karatu na zama malamar makaranta na sa shi gaba da tsiya. Sai ya yi dariya ya ce, "Auta, ba tsafi ba ne. Ku kuna da kalanda a bango, ni kuma kazar nan ce kalandata." Auta yake kirana don ni ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni a makaranta, shi ya aurar da ni a Gumel.

Kafin in kai ga hannuna sai na faɗi abin da ya riga shi. Shekarun baya na ji wani ɗan ƙullutu a nonona na hagu. Daga Gumel aka tura ni Kano, aka ce ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara. Aka cire nonon, aka yi ta ɗaura min ƙarin ruwan nan mai sa amai da zubewar gashin kai. Duk wannan na shanye. Abin da ya so ya gagare ni shi ne 'yan dubiya. Mace za ta shigo da sallama ƙasa-ƙasa kamar ta zo gidan makoki, ta zauna a bakin katifa, ta saci kallon ƙirjina, ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta fara lissafa min waɗanda ta sani da ciwon nan ya kashe. Hedimastanmu a Gagarawa, mutumin kirki ne, ya karɓe ajina ya ajiye min kujera a ofis wai in huta. Biki da suna aka daina aiko min in zo aikin girki. Har faɗa aka daina yi da ni. Maƙwabciyata da muka yi shekaru muna cacar baki a kan kwatar da ke bi ta tsakanin gidajenmu, sai ga ta tana ce min, "Yadda kika ce haka za a yi, Malama." Ranar na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba a gadon asibiti, don na gane an gama da ni a zuci, sanarwa kawai ake jira.

Ni kuwa ba a san ni da sanyin hali ba. Da na ji ƙarfi na koma Gagarawa, na tsaya a kan hedimasta har ya mayar min da ajina. Maƙwabciyar nan kuma na yi ta tsokanarta, ina watsa ruwan wanke-wanke inda na san zai bi ta ƙofarta, har ranar da haƙurinta ya ƙare ta fito ta wanke ni tas, ta haɗa da dangina. Na koma ciki ina dariya, maigidana yana tambayata ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, yau na warke. Daga ranar na yi wa kaina alkawari ba zan sake bari a yi min kallon gawa ina numfashi ba.

Haka na ci gaba da zuwa aiki, kullum daga Gumel zuwa Gagarawa, damina da rani, har mutane suka manta an taɓa yi min wani aiki, ni ma na kusa mantawa. Sai damtsena na dama ya fara min wani ciwo mai nuƙurƙusa. Na ce sanyin ƙashi ne, na yi ta shafa man zafi ina zagin tsufa. Wata safiya a aji na ɗaga hannu ina goge allo, sai na ji ƙas, tsumman ya faɗi, hannun ya biyo shi ya saki. Ban faɗi ba, ban bugu da komai ba. Abokiyar aikina ta ajin kusa, wata Kirista 'yar Filato da kowa ke kira Madam, ita ta ji ihun ɗalibai ta shigo. Ta kwance ɗankwalinta ta rataya min hannun a wuya, ta ce mu wuce asibitin Gumel. Na ce mata, "Madam, so kike Yaya ya ji an kai ƙashin gidanmu asibiti? A kira min maigidana, gida za a kai ni."

Yaya ya zaunar da ni a kan tabarma, ya rufe ido kamar yadda ya saba, yana bin damtsen da yatsunsa. Ya daɗe a wuri ɗaya fiye da yadda na san yana daɗewa.

"Daga ina kika faɗo, Auta?"

"Ban faɗo ba, Yaya. Allo nake gogewa."

Ya buɗe ido ya dube ni. Aka riƙe ni, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure. Matarsa ta kamo wata kaza wake-wake mai jarabar faɗa, wadda ta addabi duk kajin gidan. "An samo miki daidai ke," in ji ta. Ina cikin azaba amma sai da na rama, na ce ai a hannunta kazar ta tashi, ba a nesa ta koyo halin ba. Aka karya fiffiken kazar na dama aka ɗora, aka ajiye mu muna jinya tare, ni a ɗaki, ita a ƙarƙashin rumbu.

Kazar ba ta ɓata lokaci ba. Ina kwance ina juyi, ita tana waje tana korar 'yan uwanta daga tsaba da fiffike ɗaya. Ba a jima ba ta fara tsinke ɗaurin da baki, da aka kwance mata kuwa ta kaɗa fiffike ta haye danga, daga nan ta hau kan rumbu tana kallon gari. Matan gida suka shigo suna yi min barka. Yaya ya ƙara min kwanakin da ake ƙara wa mutum, sannan ya zo kwance nawa. Yana taɓawa na ga fuskarsa ta canza. Ƙashin yana motsi a ƙarƙashin yatsansa yadda yake ranar farko, kumburin ma ya ƙaru. Ya sake ɗaurewa, ya ce wani jikin yana da nawa. Aka sake jira, aka sake kwancewa, jiya i yau. Na gaji da zaman ƙauye na koma ɗakina a Gumel da hannu a rataye, zafin kuma ya fara sauka bayana da ƙuguna.

Kafin ka ce kwabo magana ta zaga. A kasuwar Sule Tankarkar ana cewa hannun Yaya ya mutu, baiwar gidanmu ta ƙare. Wasu na cewa wanda ya kasa ɗora ƙanwarsa ciki ɗaya, wa zai ɗora? Wasu suka juyo kaina, wai 'yar boko ce, ba ta yarda da tofi ba, shi ya sa bai kama ta ba. Wannan bai dame ni ba, an faɗi abin da ya fi haka a kaina. Amma matar Yaya ta kira ni a waya ta ce zaure ya yi tsit. An wuce da wani mai karaya ta ƙofar gidan a amalanke, aka kai shi wani gari wurin maɗorin da bai kai babban ɗan Yaya a shekaru ba. Shi kuwa yana zaune a kan buzu tun safe har la'asar, yana watsa wa kazar nan tsaba yana kallonta.

Madam ce ta ƙi bari in ci gaba da yaudarar kaina. Ta zo gida ta tsaya a kaina da jakarta a hannu ta ce, "Malama, kin yi na gida, ya isa. Yau ko kin so ko kin ƙi sai an ɗauki hoton hannun nan." A asibitin Gumel likita ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko an taɓa yi min wani aiki, sannan ya tura ni Kano inda aka yi min na farko. Madam ba ta bar ni na yi nawa ba, ta raka ni da maigidana har can. Aka ƙara wasu hotunan da gwaje-gwaje. Likitar da ta zaunar da mu ba ta yi min kwana-kwana ba, na kuma gode mata.

"Malama, ciwon nan ne ya dawo. Wannan karon a ƙashi ya zauna. Ya cinye cikin damtsen, shi ya sa ya karye da kansa, akwai shi kuma a ƙashin baya da na ƙugu."

"Ɗorin ne aka yi ba daidai ba?"

"Ba laifin ɗori ba ne. Ƙashin da ya zama haka ba ya haɗuwa da kansa, ko wa ya ɗora shi. Mu ma sai mun sa ƙarfe, sannan a gasa wurin da na'ura. Kuma kada ki sake bari kowa ya ja shi."

"Zan warke?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, irin wannan ba ya warkewa. Amma ana riƙe shi, ana rage zafin, mutane suna rayuwa da shi."

Na tambaye ta ko zan iya komawa aji. Ta dubi hannun ta ce da wanne zan yi rubutu. Na ce mata biyu Allah Ya ba ni.

Bakina ne kawai ya faɗi haka. Na ji tsoro, tsoro sosai, ba na ɓoyewa. A mota na rufe fuska da mayafi na yi kukana, na tuna 'ya'yana, na tuna autata da ba ta gama sakandare ba. Kafin mu shigo Gumel na share ido, tsoron ya koma fushi, da shi kuwa na fi sabawa. Na sa maigidana da Madam suka yi min alkawari ba mai ji. Za a ce ƙarfe kawai za a sa min. Na ɗanɗana zaman gawa mai rai sau ɗaya, ba zan koma ba.

Ana haka sai ga Yaya a Gumel a bayan ɗan acaɓa, mutumin da sai a shekara bai bar ƙauye ba. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Na kawo masa ruwa da fura, ya ajiye a gefe bai taɓa ba.

"Auta, na yi ta juya abin nan a raina. Rana ɗaya na ɗora ku, mai ɗaya, tofi ɗaya. Kaza ta hau danga, ke kina nan. Ashe hannuna ne ya kuskure, a karkace na haɗa shi." Sannan ya ce, "Na ji ana cewa ƙarfe za a sa miki. Kada ki yi min haka tukuna. Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, in warware shi in sake ja a gaban dattawa. In ya kama, ya kama. In bai kama ba na naɗe buzun Baba, ba zan sake taɓa ƙashin kowa ba."

Ina kallon hannayensa a kan gwiwa. Su ne hannayen da suka ɗora ni a bayan keke ranar da ya fara kai ni makaranta. Na buɗe baki in faɗa masa, sai fuskokin 'yan dubiya suka faɗo min a rai. Na ce masa zan zo.

Da ya tafi maigidana ya ce, "Malama, ba ki ji abin da likita ta ce ba? In aka sake jan hannun nan rugurgujewa zai yi. Ki ja shi gefe ki gaya masa, ku biyu kawai." Shawara ce mai kyau ga wanda bai san Yaya ba. In na gaya masa a ɓoye hannuna zai tsira, amma shi zai kulle bakinsa, ya naɗe buzun, ya bar gari su ci gaba da cewa hannunsa ya mutu, har ya koma ga Allah bai tona ni ba. Na san shi farin sani. Ko dai in riƙe sirrina sunansa ya tafi, ko in saki sirrin sunansa ya dawo, babu hanya ta uku.

Na yi kwanaki ina jin haushin kowa, har 'ya'yana suka riƙa raɓewa in sun ji motsina. In na faɗa, na san abin da ke jirana: muryoyi ƙasa-ƙasa, kujera a ofis, maƙwabciya mai cewa yadda na ce. Sai na zauna na dubi abin da ciwon nan ya riga ya ɗauka. Ya ɗauki nono, na bar masa. Ya ɗauki hannun da nake rubutu da shi, babu yadda na iya. Yanzu kuma ya miƙo hannu zai ɗauki zauren ubana da sunan yayana, ni kuma ina taya shi da shiruna. A nan na ce ƙarya yake. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma in dai sai an ji, to daga bakina za a ji, ina tsaye, ba a raɗa a bayan danga ba.

Ranar Juma'a na sa aka yi min lalle a hannun hagu, na sa kwalli, na ɗaura atamfar da nake zuwa biki da ita. Maigidana ya dube ni ya ce sai ka ce uwar biki. Muka isa bayan an sauko masallaci. Ƙofar gida cike take, liman da dattawa a zaure, waɗanda suka zo ganin yadda za ta kaya suna tsaye a waje, mata sun cunkushe a bakin ƙofar ciki. An jera sababbin karare, ga ƙwaryar man shanu, ga manyan 'ya'yan Yaya da za su riƙe ni. Kazar ma tana nan tana tone-tone a gindin bango, ta yi ƙiba abinta.

Yaya ya nuna min tabarma. Ban zauna ba.

"Yaya, kafin ka taɓa ni, fito rana ka duba wannan."

Na miƙa masa hoton. Ya saba ganin irinsa, masu karaya kan zo masa da su. Ya fita ƙofa ya ɗaga shi sama, mutane suka matso. Ya bi ƙashin da ɗan yatsa daga kafaɗa, ya zo inda ya yi duhu-duhu da ramuka, ya tsaya.

"Wannan ba karaya ba ce kawai," in ji shi a hankali. "Kamar gara ta shiga itace."

"Kusan haka ne, Yaya."

Sai na juya ga jama'a. Ba a saba jin muryar mace a zaure cike da maza ba, amma ni na yi shekaru ina magana da ajin da ɗalibansa suka fi kujerunsa yawa, murya ba ta gagare ni. Na ce, "Malam liman, iyayena, ku gafarce ni. Ciwon dajin da aka cire min nono saboda shi ne ya dawo, ya shiga ƙashina. Shi ya karya hannun nan, shi ya hana shi kamawa. Likita ta ce babu maɗorin da zai haɗa shi, ko Baba ne ya dawo duniya. Hannun Yaya lafiyarsa ƙalau. Waɗanda suka kai waccan maganar kasuwa, don Allah su kai wannan ma, kada su rage komai a hanya."

Sai na ji abin da nake gudu ya taso daga ƙofar ciki, salati da shessheƙa, wata har ta fara ɗora hannu a ka. Na juya na ce, "Wadda ta kawo kuka ta mayar da shi gida ta adana, ranarsa tana zuwa, amma ba yau ba. Ba a yi rasuwa a gidan nan ba. Mai yi min addu'a ya yi ta da ƙarfi in ji in ce amin. Wadda kuma muke da faɗa da ita kada ta kuskura ta yafe min, ina nan, za mu ƙarasa." Matar Yaya ce ta fara dariya da hawaye a fuskarta, ta ce, "Wannan bakin naki dai ciwo bai taɓa shi ba." Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a da murya sosai, aka shafa.

Yaya yana tsaye da hoton a hannu. Likita ta wanke shi, ni ma na wanke shi a gaban gari, amma shi bai wanke kansa ba tukuna. Mutumin da ya yarda da yatsunsa fiye da idonsa, hoto ba zai ishe shi ba.

"A kamo min kazar nan a yanka," na ce.

"Auta, ba a yanka ta sai mai karaya ya warke."

"To so kake ta mutu da tsufa? Ta gama aikinta, ni kuma yunwa nake ji."

Ya daɗe yana kallona, na ga ya fahimci abin da likita ta faɗa min wanda ban faɗa wa jama'a ba. Sannan ya ce a miƙo masa wuƙa, shi ya yanka ta da kansa.

Matarsa ta yi farfesu da yaji da daddawa yadda nake so. Na zauna a tsakar gida na sa hannun hagu a kwano. Wata gwaggonmu ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata wanda Ya karɓi daman Ya san da hagu zan ci. Rabona da jin daɗin abinci haka tun kafin hannun ya karye. Na ci cinya, na sha romo, na ajiye fiffiken dama a ƙarshe. Na gwaguye naman tas, sai ga shi, a tsakiyar ƙashin wani ɗan ƙulli mai santsi, inda karayar ta haɗe ta fi sauran wurin kauri.

Na tashi na kai masa zaure, dattawa ba su watse ba. Na sa masa a tafin hannu na ce, "Ga aikinka, duba."

Ya rufe ido. Ya bi ƙashin da babban yatsa, ya zo kan ƙullin, ya koma, ya sake zuwa. Sannan ya kama shi da hannu biyu ya lanƙwasa da ƙarfi. Ƙashin ya karye, amma can kusa da ƙarshe, ƙullin kuwa ko gezau.

"Ya kama," in ji shi.

Ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi, ƙashin ya zaga zauren daga hannu zuwa hannu. Yaya bai bi shi da kallo ba. Ni yake kallo, hawaye na bin gemunsa, abin da ban gani ba tun rasuwar mahaifinmu. Shi kaɗai ban hana kuka ba a ranar.

"Naki fa, Auta? Me zan yi masa?"

Ban shirya wa wannan tambayar ba. Na ce, "Hanyar Kano akwai ramuka, Yaya, kowane rami kuma a ƙashina yake sauka. Ka zo ka riƙe min shi."

'Yan dubiya sun zo, ba zan ce ba su zo ba, wasu ma da fuskar nan da na tsana. Amma labarin abin da na faɗa a zaure ya riga su isa Gumel, don haka da yawa a bakin ƙofa suke gyara murya su ɗaga ta. Hedimasta ya aiko da gaisuwa, na mayar masa da amsa cewa kada ya ba kowa ajina, ina koyon rubutu da hagu. Maƙwabciyata kuwa ta leƙo ta katanga ta ce in ina da ƙarfin yi wa maza wa'azi a zaure, to ina da ƙarfin sa a gyara kwata. Na ji daɗin wannan fiye da lemo da ayabar da aka yi ta kawo min.

Ranar tafiya Kano Yaya ya makara. Da ya iso ya ba da haƙuri, wai da sassafe aka kawo wani direban babbar mota ɗan Damagaram da ya karye a Maigatari, sai da ya tsaya ya ɗora shi, shi da zakaransa. Ya faɗi haka yana kallon gefe, kamar ba wani abu ba ne. Ya shiga bayan mota kusa da ni, ya tallafi damtsena a tafukansa biyu, daga Gumel har Kano bai sake shi ba. Kafin direba ya ga rami shi ya gani, ya ɗan ɗaga hannun, motar ta faɗa ta fito ban ji ba sai kaɗan. A ƙofar asibiti aka turo keken marasa lafiya, na ce da ƙafata zan shiga. Haka muka shiga, ina tafe, maɗorin gidanmu yana gefena riƙe da karaya. Da likitar ta zo dubawa, shi ya miƙa mata hannun da kansa, ya ce, "Ga shi nan, 'yata. A bi shi a hankali, ta nan ya fi yi mata zafi."